Waƙar Kowane Lokaci a Ƙauyukan Jazira

Ɗalibin Hausa yakan haddace sunayen lokutan shekara a zama guda: bazara, damina, kaka, hunturu, rani. Ya rubuta su a littafinsa, ya sa fassara a gefen kowanne, ya wuce darasi na gaba. Haddar ba ta da wuya. Abin da ke cin lokaci shi ne sanin nauyin kowace kalma, wato abin da take tayarwa a zuciyar manomi idan aka ambace ta. Ni dai na koyi wannan nauyi ne daga wani tsohon kaset na waƙoƙin gargajiya, a ƙasar da ba dominta aka yi waƙoƙin ba: ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, inda aka yanke mini cibiya.

Bari in fara da yadda aka yi muka sami kanmu a can. A ranar 27 ga Yuli 1903 aka gwabza yaƙin Burmi, inda sojojin Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nufi gabas, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu wajen 1906, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kudu da Sinnar. Tun kafin su mahajjata na bin wannan hanya a ƙasa, bayansu ma an yi ta zuwa. Wani guzuri ya ƙare masa ya tsaya neman na gaba, wani ya sauke farali ya dawo ya ga ƙasa mai ruwa ya zauna. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira a tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, gonar da ta kai kimanin faddan miliyan 2 bayan an haɗa mata yankin Manaƙil. Gona irin wannan ba ta ƙoshi da hannu, kuma kakanninmu na cikin waɗanda suka ba ta nasu. Mutanen ƙasar suna kiranmu Fallata ko Takari, ba ruwansu da wane ne Bahaushe, wane ne Bafulatani, wane ne Babarbare.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, shekarar Jazira tana da iyayengiji biyu. Akwai ruwan sama, wanda ke zuwa lokacin da Allah ya so. Akwai kuma ruwan madatsa, wanda ke zuwa lokacin da ma'aikaci ya buɗe ƙofa, ya biyo babbar magudanar da ake kira tur'a, ya shiga ƙaramar da ake kira abu ishirin, daga nan ya gangara abu sitta, sannan ya isa hawasha, wato yankin gonar da aka yanka wa manomi. Waƙoƙin ƙasar Hausa kuwa an gina su ne a kan shekara mai ubangida ɗaya, ruwan sama. Duk wanda ya saurare su a Jazira sai ya sake nema musu mazauni a cikin shekararsa.

Kaset ɗin ya iso gidanmu a ƙarshen shekarun 1980, cikin jakar wani kawuna da ya kai ziyara Kano ya dawo. Irin mai minti 90 ne, 45 a kowane gefe, wanda masu sayar da kaset a kasuwa ke naɗa wa mutum abin da ya zaɓa. Ba hoto a jikinsa, ba sunan kamfani, sai 'yar takarda da aka rubuta sunayen mawaƙa uku da ajami: Shata, Ɗankwairo, Ɗan Maraya. Kowa da abin kiɗansa, kalangu da kotso da kuntigi, kowa kuma da irin Hausarsa.

Ƙauyenmu ba lantarki a lokacin, batir kuwa sai ranar kasuwa, ga shi da tsada. Saboda haka ba a kunna kaset daga farko a bar shi ya yi ta zuba. Akan zura biro a raminsa a juya da hannu har a kai kan waƙar da ake so, don kada batir ya tafi a banza wajen mayarwa. Wanda zai ji waƙa ɗaya tak a dare, dole ya yi tunani kafin ya zaɓa. Da shekaru suka tura sai na lura zaɓin gidanmu yana bin yanayi, kowace waƙa da watannin da take fitowa da watannin da take kwance. Maƙwabtanmu Larabawa ma suna da irin wannan taska. Tsofaffin waƙoƙinsu na Umdurman ana kiransu haƙiba, wato jaka, saboda wani shirin rediyo na shekarun 1950 wanda mai gabatar da shi ke zuwa da tsofaffin fayafai a jakarsa. Haƙibarmu ita ce wannan kaset. Ga yadda na jera ta.

Bazara

Mutanen Sudan suna kiran wannan lokaci sef. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan haura digiri 40, baƙar lakar Jazira ta tsattsage har ƙafar yaro ta iya faɗawa ciki. An gama tsintar auduga, an tumɓuke itatuwanta an ƙone kamar yadda dokar gonar ta tanada don kashe cuta, ruwan tur'a ya ja baya. Wani yammaci sai a hango jan bango ya taso daga nesa, guguwar ƙurar nan da ake kira habub, mata su ruga su rufe tukwane. Can wajen ƙarshe a sami ɗan yayyafin da ake kira rushash, mai tayar da ƙanshin ƙasa amma bai isa shuka ba.

Waƙar wannan lokaci a wurina ita ce "Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali" ta Ɗan Maraya Jos. Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, ba ya tafiya da 'yan amshi. Shi kaɗai ne da kuntiginsa, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwani a rufe da fata. Sautinsa siriri ne, busasshe, ba inuwar da kalma za ta laɓe. Haka ƙasa take a bazara, duk abin da ke kanta a fili yake.

Bazara ce kuma lokacin da hatsin bara ke ƙarewa, na bana kuwa ko shuka shi ba a yi ba. A nan ne ake shiga shel, wato manomi ya karɓi kuɗi ko hatsi a hannun ɗan kasuwa bisa alkawarin zai biya da amfanin gona idan an girbe, a kan farashin da mai bayarwa ya yanka. Wanda kuka ci tuwo a kwano ɗaya da shi a kaka, a bazara za ka san ko zai buɗe maka ƙofa. Ɗalibi ya lura da kalmar hali. Tana nufin ɗabi'a, kamar a karin maganar da ke cewa hali zanen dutse. Tana kuma nufin wadata, kamar idan aka ce wane ba shi da hali. Asalin duka biyun kalma ɗaya ce ta Larabci, kuma a bazara suke haɗuwa, domin sai mutum ya rasa hali yake gane halin mutane. Mahaifina ba ya son a yi hira idan wannan waƙa na tashi. Yakan kishingiɗa a kan angarib, gadon igiya na ƙasar, ya rufe ido, ba ya ko kaɗa ƙafa.

Damina

A nan akwai tarkon da ke kama ɗalibin da ya yi Larabcin littafi. A littafi kharif shi ne kaka, amma a bakin mutanen Sudan kharif damina ce, daga Yuli zuwa Satumba. Manomansu suna lissafinta da taurari, kuma su ne dai taurarin da malaman ƙasar Hausa ke lissafi da su. Abin da suke kira Natra da Tarfa da Jabha, su ne Nasara da Ɗarfa da Jabha na kakanninmu. Manzilolin 28 ne, 27 masu kwana 13, Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Tsoho daga Sakkwato da tsoho daga Sinnar za su iya rasa kalmar gaisuwa da suka yi tarayya a kai, amma da ɗaya ya ce an shiga Ɗarfa ɗayan zai dubi gabas.

Da ruwa ya sauka, lakar da ta tsage a bazara sai ta kumbura ta zama danƙo. Mota ba ta shiga ƙauye, jaki ma sai da lallashi. A shuka dawa da gyaɗa, a Agusta a shuka auduga, ciyawa kuma ta taso kamar an aike ta. Ba mai iya noma da maimai shi kaɗai, sai a kira gayya, wadda maƙwabtanmu ke kira nafir.

Na ba damina "Mai Dubun Nasara", wadda Alhaji Musa Ɗankwairo ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Wani zai ce me ya haɗa waƙar fada da fartanya? Amsar tana cikin ginin waƙar. Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan makaɗin noma ne, kuma da kiɗan noma ya fara kafin ya shiga fada. Saurari yadda yake aiki da mutanensa. Jagora zai ɗauko magana, kafin ya dire 'yan amshi sun karɓe sun ƙarasa, sun ɗora nasu a kai, sannan duka su koma wuri guda. Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, suna kiran wurin da ake komawa gindin waƙa, sassan da ke fita daga gare shi kuma ɗiya. Wanda ya taɓa tsayawa a sahun gayya ya san wannan tsari da jikinsa: na gaba ya kama kunya, na gefe su bi shi, wanda ya riga kai ƙarshe ya juyo ya tari wanda aka bari a baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, murya ɗaya ma ba ta ɗaukar waƙar Ɗankwairo.

Akwai dalili na biyu. Hausar Ɗankwairo ta yamma ce, ta ƙasar Zamfara da Sakkwato, inda ake cewa munka da sunka a maimakon muka da suka, yat tahi a maimakon ya tafi, malka a maimakon marka. Haka tsofaffin gidanmu ke magana. Kakata ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma idan wannan waƙa na tashi takan ce, "Wanga mutum ɗan gida na." A watannin da taɓo ya yanke mu daga kasuwa da asibiti, jin muryar ɗan gida ba ƙaramin abu ba ne.

Kaka

Sunanta a Sudan darat, kuma kalmar ta haɗa abin da Hausa ta raba biyu: agazari, wato zafin nan mai gumi da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa, da ita kanta kakar. A Oktoba da Nuwamba dawa ta nuna, musamman irin da ake kira fatarita, yara su kwana korar tsuntsu. A tone gyaɗa. A kudu, wajen Singa da Damazin inda ruwan sama ya fi yawa, a yi rige-rigen yankan riɗi kafin kwansonsa ya fashe ya zube. Kuɗi ya shigo hannu, a biya shel, a sa ranar aure. Masu agashe su hura wuta a bakin kasuwa, naman nan mai yaji da Hausawa suka koya wa Sudan har da sunansa, mata kuma su fito da godogodo a ƙwarya.

Kaka ta kalangu ce, kalangu kuwa na Shata ne. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Zaɓina a cikin waƙoƙinsa shi ne "Bakandamiya", waƙar da ya yi wa kansa kirari a cikinta, ya kuma yi ta ƙara mata ɗiya tsawon rayuwarsa. A nazarin waƙa kalmar bakandamiya ta zama sunan babbar waƙar kowane makaɗi, shi ya sa za ka ji ana maganar bakandamiyar Narambaɗa. Yayana bai yarda da wannan zaɓi ba. A ganinsa tun da kaka lokacin aure ne, "Jawabin Aure" ta Ɗan Maraya ce ta cancanta, don ango da amarya su ji abin da ke jiransu. Ni kuwa na ce nasiha tana da sauran watanni goma, a bar mutum ya cika baki sau ɗaya a shekara.

Dubi wannan furuci, cika baki. Bahaushe ya ɗauki alfahari a matsayin cikawa, kamar yadda ake cika buhu ko rumbu, kuma kaka ce kaɗai lokacin da bakin talaka da rumbunsa ke cika tare. Sai dai a ƙauyenmu ba a rumbu ake ajiya ba. Rami ake haƙawa a ƙasa, wanda ake kira matmura, a zuba hatsi a binne. Na daɗe ina jin kalmar rumbu a waƙa da karin magana kafin in ga abin da idona.

Kawuna, mai kaset ɗin, yana da tasa magana a kan wannan waƙa. Wata rana muna dawowa daga sussuka ya ce mini, "Ɗana, a ƙasar Hausa in an gama kaka an gama shekara, sai dambe da kokawa. Mu nan rabin shekararmu tana tsaye a hawasha." Ya nuna audugar da ke fure, ruwan abu sitta na kwance a gindinta. Gaskiyarsa. Kakar Jazira rabin kaka ce, saboda haka muna jin "Bakandamiya" da farin ciki, amma da kunne ɗaya a gona.

Hunturu

Shita suke ce masa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ke busowa daga arewa, leɓe ya tsage, ruwan randa ya yi sanyin da ke sa haƙori ciwo. Alkamar da aka shuka a Nuwamba ta yi shar a tsakiyar ƙasa busasshiya, abin da ruwan madatsa kaɗai ke iya yi. Dare ya yi tsawo. Almajiran khalwa, wato makarantar allo, su kewaye wutar karatu da ake kira tuƙaba, manya su kewaye tasu da butar jabana, gahawar ƙasar mai citta.

Jama'armu ba kowa ke sakin fuska ga kiɗa ba. Zuriyar waɗanda suka bar gida don addini ne, kuma akwai dattawan da in sun ji kalangu sai su tashi. Tarihin A'isha al-Falatiya shaida ne. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka zo, mahaifinta malamin allo ne da bai so ta yi waƙa ba, amma ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Umdurman a 1942, ta kuma rasu a 1974 tana cikin manyan muryoyin Sudan. Har yau gidajenmu suna tsakanin alfahari da ita da fahimtar mahaifinta.

Waƙa ɗaya ce a kaset ɗin da dattawan nan ba sa tashi idan an sa ta, "Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu" ta Shata. Ita na ba hunturu. Waƙar bege ce mai ambaton ƙasa mai tsarki, kuma mu mutanen hanya ne. Masanin al'umma C. Bawa Yamba ya wallafa littafi a 1995 a kan 'yan Afirka ta Yamma mazauna Jazira, inda ya nuna yadda waɗanda aka haifa a Sudan, iyayensu ma a nan aka haife su, suke ci gaba da ɗaukar kansu mahajjata da ke kan hanya. Na san irin waɗannan mutane. Akwai tsohon da ya yi shekara hamsin yana tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda, duk lokacin da suka kusa cika sai aure ko jinya ko shel su cinye.

A nan ɗalibi ya tsaya a kan kalmar tsaya. Tana nufin miƙewa a kan ƙafa, tana nufin katse tafiya, tana nufin dagewa, kuma idan aka haɗa ta da ga tana nufin dogara da jingina. Shata ma'ana ta ƙarshe yake nufi. Amma a kunnen wanda kakansa ya tsaya a gaɓar Nilu da niyyar kwana kaɗan, ma'anonin duka suna tashi tare. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A daren hunturu, wannan waƙa ce ke ba tsofaffinmu amsar da za su mayar: ba su bar gida don yawo ba, inda suka nufa ne ba su kai ba tukuna.

Rani

A ƙasar Hausa rani lokacin sauƙin aikin gona ne, shi ya sa samari ke tafiya cin rani, su bar gida su nemi kuɗi a wani gari su dawo kafin shuka. A Jazira abin ya juya. Daga Janairu zuwa Afrilu ake tsintar auduga, aikin da ya fi kowane cin hannu, kuma wurinmu ake zuwa cin rani. A da manyan motoci kan kwaso masu tsinta daga yammacin Sudan da gabashinta, a sauke su a bukkokin bakin tur'a, a biya su gwargwadon kwandon da ake kira guffa. Wasu daga cikinsu ba su koma ba, matsugunansu suka zama abin da ake kira kambo. Audugar kuma a wancan lokaci akan kai ta injinan gurza na Maringan da Hasahisa.

Watannin mota ke nan, don haka na ba su "Karen Mota" ta Ɗan Maraya. A Sudan yaron mota musa'id ake ce masa, wato mataimaki, suna mai mutunci. Hausa kuwa ta kira shi kare, kuma waƙar ta ɗauki wannan suna ta juya shi, ta sa mai saurare ya dubi wahalar yaron da dauɗarsa da yunwarsa har ya ji kunyar sunan. Muna da su da yawa a kan tsofaffin Bedford ɗin da ake kira sifinja. Shi ne mai dirowa ya sa weji, shi ne mai ɗebo ruwa a tur'a ya zuba wa inji, shi ne mai kwana a ƙarƙashin mota. Da yawa daga cikin samarin ƙauyenmu da ba su gaji hawasha ba ta nan suka fara. Shata da Ɗankwairo sun fi yi wa masu sarauta da masu dukiya waƙa. Ɗan Maraya ya yi wa wanda ke zaune a kan kaya, kuma a Jazira mu ne a kan kayan.

Auduga ta ja baya tun kafin yau. Dokar gonar ta 2005 ta ba manomi damar shuka abin da ya ga dama, da yawa suka koma alkama da albasa da gyaɗa. Sannan masifu suka biyo juna. A Yulin 2022 rikicin ƙabilanci ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, Hausawa da yawa suka rasa rayuka da gidaje a wajen Rusairis da Damazin. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Khartum, a Disamban shekarar ya iso Wad Madani, daidai lokacin da alkama ke buƙatar ruwa. Motocin da suka saba kawo masu tsinta su ne suka kwashe mutane zuwa Sinnar da Gadarif da Kasala, tsofaffi da jarirai a kan katifu da tukwane, yaron mota na miƙa hannu yana jawo su sama. Tun daga lokacin ba na iya jin wannan waƙa yadda nake jin ta a da. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma a nan kiɗan yana nan yadda yake, masu sauraren ne abin ya sauya musu.

Abin da ya rage a kunne

Kaset ɗin ya daɗe da tsinkewa, waƙoƙin sun koma cikin waya, kuma ba wanda ke lissafin batir kafin ya zaɓi waƙa. Abin da ke damuna ya wuce na'ura. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya wallafa littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci, kuma abin da ya bayyana ina jin sa a bakin 'ya'yan 'yan'uwana. Suna cewa kharif da darat da shita, wanda ba laifi ba ne, domin su ne sunayen shekarar da suke rayuwa a ciki. Amma yaron da ya tashi a sansani ko a gefen birni, bai ga gayya ba, bai ga matmura ba balle rumbu, zai ji Ɗankwairo kamar ƙarar ruwa a kan kwano, da daɗi amma ba magana. Ƙauye ne ke riƙe da ma'anar waɗannan kalmomi, ƙauyukan kuwa sun watse, wasu sun fara komawa, wasu har yau shiru.

Kwanan baya wata 'yar yayata da ke Kasala ta aiko mini da saƙon murya cikin Larabci. Ta ce, "Kawu, mece ce malka? Inna ta ce in tambaye ka." Na amsa mata da Hausa. Na ce ruwan Agusta ne mai kwana yana zuba ba tsawa ba iska, wanda ke hana shanya bushewa. Na tura mata waƙar Ɗankwairo, na ce kada ta buɗe sai an shiga Ɗarfa.

Kai ma ɗalibi, a Kano kake ko a Maraɗi ko a wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, ga aikin da zan ba ka. Zaɓi waƙoƙi biyar na makaɗan da kake so, ka raba su ga lokutan shekarar garinku, ka rubuta shafi guda da Hausa a kan dalilin kowane zaɓi. A kowace waƙa ka fito da kalma ɗaya mai ma'ana fiye da ɗaya, kamar yadda muka yi da hali da cika da tsaya, ka kai ta wurin wani tsoho ka tambaye shi wane wata take tuna masa. Idan jerinka ya saɓa da nawa, ka aiko mini da hujjarka. Ni da yayana mun fi shekara talatin muna gardama a kan waƙar kaka, kuma bana ma da dawa ta nuna zai kira ni.